Daga Bakin Rumfa: Tsoho mai kwalli da na gani a wayar yarona

 Na san wasu za su ce yau kuma Alhaji ya bar mana zancen kwastan da canjin sefa ya koma zancen makaɗan Turawa. Ku yi mini haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe, domin maganar ta cikin gida ce, kuma ina zaton akwai irinta a gidajenmu da dama, nan Kwatano da Lome da Akara da Duwala.

Watanni kaɗan da suka wuce Allah ya yi wa yayana rasuwa a Kano. Shi ya riƙe ni, shi ya koya mini auna yadi a Kantin Kwari, shi ne kuma ya riƙe babban yarona shekara shida lokacin da muka tura shi gida karatun allo. An kira ni da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Duk wanda ke zaune a wannan gaɓar teku ya san irin wannan waya. Babu motar da za ta kai ka Kano kafin a sallace shi. Na kama hanya na samu addu'ar uku, yaron kuwa yana tsakiyar jarrabawa, sai na ce ya zauna.

Da na dawo sai na tarar da shi ya sauya. Bai yi kuka a gabana ba, bai tambaye ni yadda aka yi ba. Zai zo rumfa bayan makaranta ya yi ta ninke atamfa, iyafis a kunne, in ka yi masa magana sai ka maimaita sau biyu. Ran nan ya ajiye wayarsa a kan dila ya tafi alwala, na kai ido sai ga hoton wani tsohon Bature, gashi a hargitse kamar sheƙar tsuntsu, ido ya sha kwalli, jan-baki har ya zarce leɓe, kaya baƙaƙe ƙirin. Wallahi gabana ya faɗi. Abin da ya fara zo mini shi ne irin ƙungiyoyin asirin nan da ake ba da labari suna jan yara ta intanet.

Da dare na gaya wa uwargida cewa gobe zan ƙwace wayar. Ta ce, "Alhaji, ƙwacewa ba wuya. Amma ka tambaye shi tukuna, ka ji ta bakinsa." Washegari bayan isha'i na kira shi, na ce, "Kai, wane ne wannan mutumin?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, Robert Smith ne, na ƙungiyar The Cure. Waƙar da nake ji ta yayansa ce da ya rasu." Daga nan bai ƙara cewa komai ba, ni ma na rasa ta cewa.

Ni dai da kaset ɗin Shata da Ɗankwairo na tashi, ban san komai ba game da wannan kiɗa. Amma matambayi ba ya ɓata. Na ce ya zauna ya nuna mini, yana karantawa da Faransanci da Turanci yana fassara mini, muka yi darare muna yi. Ga abin da na tsinta.

The Cure, wato magani ko waraka, ƙungiyar makaɗa ce ta Ingila. Ta samo asali ne a garin Crawley da ke kudu da Landan, inda wasu 'yan makaranta suka fara haɗuwa suna kaɗa jita a 1976. Sun canza suna sau biyu kafin su tsaya a kan wannan a 1978. Jagoransu Robert Smith an haife shi a 1959, kuma shi kaɗai ne bai taɓa barin ƙungiyar ba daga ranar farko zuwa yau. Tun suna samari suka ci wata gasa ta kamfanin faifai na Jamus mai suna Hansa, aka ba su kwantiragi. Sai kamfanin ya so su riƙa rera waƙoƙin wasu, su kuma suka ce nasu za su yi, aka rabu ba tare da an fitar da faifai ko ɗaya ba. Daga baya suka shiga hannun wani ƙaramin kamfani, Fiction, suka fitar da kundinsu na farko a 1979.

Shi kuwa sunan da ake kiran irin kiɗan nasu, gothic rock, na tambayi yaron ko yana da alaƙa da tsafi. Ashe kalmar tsohuwa ce a Turai. Da ita ake kiran fasalin ginin manyan majami'u na zamanin da, masu dogayen hasumiyoyi da duhun ciki. Daga baya aka laƙaba ta ga littattafan ban tsoro na Ingila, masu labarin kangon gida da fatalwa. A ƙarshen shekarun 1970 sai 'yan jarida suka ɗora ta a kan wani sabon kiɗa mai sanyin jiki, mai nauyin sauti, wanda zancensa duk kaɗaici ne da mutuwa da ɓacin rai. Ƙungiyoyi irin su Bauhaus da Siouxsie and the Banshees su ne 'yan gaba, masu sauraronsu kuma suka ɗauki baƙaƙen kaya da kwalli suka mai da su alama. The Cure ta shiga wannan sahu da kundi uku a jere, a 1980 da 1981 da 1982, kowanne ya fi na baya duhu. Abin dariyar shi ne, shi Smith ya sha faɗa cewa bai yarda da wannan suna ba, amma har yau da shi ake kiransa. Mu ma a kasuwa mun san haka, in an sa maka laƙabi sai dai haƙuri.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye muku ba. Waƙarsu ta farko da ta fita a 1978 sunanta Killing an Arab, wato kisan Balarabe. Na ce to ka gani! Yaron ya ce, "Baba, littafin nan ne na Albert Camus da muka yi a makaranta." Marubucin Bafaranshe ne haifaffen Aljeriya, kuma a littafinsa na 1942 akwai wani Bature da ya harbe Balarabe a bakin teku ba gaira ba dalili, daga can aka ɗauko waƙar. Duk da haka sunan ya jawo musu magana. A Amurka ƙungiyar kare haƙƙin Larabawa ta yi ƙorafi bayan an sake fitar da waƙar a wani kundi na 1986, har aka manna takarda a jikin faifan ana bayanin cewa waƙar tana Allah wadai ne da ƙiyayya da zubar da jini. Smith ya nemi gidajen rediyo su daina sa ta, a wasu wasannin ma yakan canza kalmomin. Ni dai a ganina sunan kuskure ne na ƙuruciya, kuma ya biya kuɗinsa.

Inda labarin ya fara kama da namu shi ne wajen zaman haɗin jari. Hausawa suka ce zo mu zauna, zo mu saɓa. A 1982, suna tsakiyar zagayen wasanni a Turai, Smith da babban amininsa Simon Gallup, mai kaɗa jita mai kaurin murya, suka ba hammata iska a birnin Strasbourg na Faransa. Ƙungiyar ta kusa watsewa. Gallup ya tafi, suka yi fiye da shekara ba sa ga maciji, sannan Smith ya neme shi suka shirya, ya dawo, kuma har yanzu suna tare. Shi kuwa Lol Tolhurst, wanda suka taso da Smith tun suna 'yan shekara biyar, giya ce ta ci ƙarfinsa har ya zama ba ya iya aiki, aka sallame shi a 1989. Ya kai ƙara kotu yana neman kaso da haƙƙin sunan ƙungiyar, aka yanke hukunci a 1994 bai yi nasara ba. Ya daina sha, bayan shekaru ya nemi gafara, har suka sake hawa dandamali tare a 2011. Na tuna rumfuna nawa na sani a Dantokpa da Misebo waɗanda 'yan uwa ciki ɗaya suka raba, har yau ko gaisuwar mutuwa ba ta haɗa su.

Ba kuma kullum suke cikin baƙin ciki ba. Bayan rikicin 1982 Smith ya juya ya riƙa yin waƙoƙi masu daɗin ji, na soyayya da raha, waɗanda suka shigar da su gidajen rediyo da talabijin na duniya. Kundinsu na 1989, Disintegration, shi ne mafi yawan masoyansu ke ɗauka a matsayin gagarabadau. A cikinsa akwai waƙar Lovesong, wadda ya yi wa matarsa a matsayin kyautar aure, ta kai matsayi na 2 a jadawalin waƙoƙin Amurka, daga baya ma mawaƙiya Adele ta sake rera ta a 2011. Matar nan tun suna 'yan shekara 14 a makaranta suka haɗu, suka yi aure a 1988, kuma har yau suna tare. Da uwargida ta ji wannan sai ta ce, "To, mai jan-bakin ya fi wasu masu rawani riƙon aure." Na yi kamar ban ji ba. A 1992 kundinsu Wish ya zo na ɗaya a Birtaniya, a 2019 kuma aka shigar da su zauren karrama makaɗan rock na Amurka.

Yanzu ga wurin da ni ɗan kasuwa na gyara zama. A 2023 suka shirya zagayen wasanni a Amurka da Kanada. A can yanzu akwai wata dabara ta sayar da tikiti, in mutane suka yi rububi sai kwamfuta ta riƙa ɗaga farashi da kanta, tikitin dala ɗari ya koma na ɗaruruwa kafin ka ƙifta ido. Smith ya ce ba da shi ba. Ya tsayar da farashi, mafi araha dala 20, ya kuma sa aka hana sayar da tikiti hannu zuwa hannu a inda doka ta ba da dama, don kada 'yan baranda su kwashe su ninka. Sai ga kamfanin Ticketmaster mai dillancin tikitin ya ɗora la'adarsa, har wasu suka nuna rasit inda kuɗin la'ada ya fi kuɗin tikitin kansa. Smith ya fito a Twitter ya ce abin ya ɓata masa rai kamar yadda ya ɓata wa masu saye, ya matsa wa kamfanin lamba, har ya yarda ya mayar wa masu tikiti mafi araha dala 10, sauran kuma dala 5. Ya kuma sanar cewa an soke tikiti kusan 7,000 da aka gano a hannun 'yan baranda.

Za ka ce to ai ya yi asara. Ina! Sun sayar da tikiti fiye da rabin miliyan, kuma wannan zagaye ya fi duk wanda suka taɓa yi a can kawo kuɗi. Ga shi kuma in sun hau dandamali sai su yi kusan awa uku suna wasa. Wannan shi ne abin da marigayi yayana yake gaya mini tun ina yaron shago, cewa wanda ka tsuga wa kuɗi ranar jajiberin Sallah don ka ga ya matsu, ba zai dawo bayan Sallah ba. Na gaya wa yaron haka, na ga ya ɗago kai ya dube ni, karo na farko da aka ambaci Baffansa bai tashi ya bar wurin ba.

Daga 2008 ƙungiyar ba ta sake fitar da sabon kundi ba sai bayan shekara 16. A tsakanin nan Smith ya rasa mahaifiyarsa da mahaifinsa da kuma yayansa Richard, wanda shi ne ya fara nuna masa yadda ake riƙe jita. Ranar 1 ga Nuwamba, 2024, suka fitar da Songs of a Lost World, wato waƙoƙin duniyar da ta ɓace. Waƙa 8 ce kacal, ba gaggawa a cikinsu, ta farkon ma sai an yi fiye da minti uku ana kiɗa kafin ya buɗe baki, ta ƙarshen kuma ta haura minti goma. A zamanin da yara ba sa iya haƙurin bidiyon minti ɗaya, wannan kundi ya zo na ɗaya a Birtaniya, karo na farko tun 1992. A daren da ya fita suka yi wasa a wani zaure mai suna Troxy a Landan, aka nuna shi kyauta a YouTube. Faifan wannan wasa, da wani kundi na 2025 inda wasu makaɗa suka sake sarrafa waƙoƙin, kason ƙungiyar daga cinikinsu an ba da shi ga War Child, mai taimakon yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita.

Waƙar da yarona ke maimaitawa tana cikin wannan kundi, sunanta I Can Never Say Goodbye, ma'ana mutum ya kasa yin ban-kwana. Smith ya yi ta ne a kan mutuwar yayan nasa, wadda ta zo ba zato. Na ce ya sa mini. Piyano ne a hankali, da ƙarar tsawa daga nesa, sai muryar tsoho tana rawa. Ban ji Turancin ba, amma na gane abin da ake faɗa. A nan ne na fahimci cewa ni na je Kano, na zauna a tabarmar makoki, na karɓi gaisuwa, na je maƙabarta na ga kabarin da idona. Shi kuwa an bar shi a Kwatano da takardun jarrabawa, ba wanda ya zo ya ce masa ya haƙuri, alhali mutumin da ya rasu uba ne a wurinsa. Mu manya mukan ɗauka rashin namu ne mu kaɗai.

To me ke tafe? A hirarrakin da ya yi a ƙarshen 2024 Smith ya ce akwai wani kundi da ya kusa kammaluwa, abokin tafiyar wannan, har ma yana da na uku a rai. Ya ce na gaban ba zai kai wannan duhu ba, amma a cikinsa ne waƙar da ta fi dukkansu ban tausayi take. Ƙungiyar ta kuma bayyana cewa a watan Maris na 2025 ta koma situdiyon Rockfield da ke yankin Wales, inda aka naɗi kundin baya, ta naɗi waƙoƙi 13. An sanar da wasanni a Turai a tsakiyar 2026, ciki har da bikin Primavera Sound na Basalona da na tsibirin Isle of Wight a Ingila. Smith ya kuma ce yana hangen ajiye aiki a 2029, shekarar da zai cika 70 da haihuwa, kundinsu na farko kuma ya cika 50.

Sai dai na ce wa yaron kada ya ɗaura aure da ranar fitowa. Wannan bawan Allah tun 2019 yake cewa kundin baya ya kusa, sai da aka ƙara shekara biyar. Duk wanda ya taɓa jiran kwantena a tashar jirgin ruwa, kullum wakilinsa na ce masa "gobe in sha Allah", ya san irin wannan alkawari. Yaron ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa tun kafin rasuwar.

Kada wani ya ce Alhaji ya zama mai tallar kiɗan Turawa. Hukuncin kiɗa na malamai ne, kowa ya san malaminsa, ba fatawa nake bayarwa ba. Kuma akwai abubuwa a tarihin mutanen nan da ba zan so ɗana ya kwaikwaya ba. Sun yi fama da giya da ƙwaya a shekarun 1980, su da kansu ba sa musu. Shi Smith a gidan Katolika ya tashi, amma ba ya ɓoye cewa shi ba mai addini ba ne, shi ya sa baƙin cikin waƙoƙinsa yake tsayawa a bakin kabari. Na gaya wa yaron wannan ƙarara. Na ce, "Shi ya gaya maka yadda ciwon yake, kuma bai yi ƙarya ba. Amma mu an koya mana abin da za mu aika wa mamaci. Baffanka addu'arka yake jira." Ya ce, "Ina yi, Baba. Kullum." Na ji kunyar kaina, domin ban taɓa tambaya ba.

Mun yi yarjejeniya. In an kira salla iyafis ya sauka, haka in mai saye ya shigo rumfa. Kwalli ba baƙonmu ba ne, kakansa ma yana sawa ranar Juma'a, amma jan-baki kada in kuskura in gani. Ya ce shi ma bai taɓa sha'awa ba. Ni kuma na ɗauki alkawarin in an yi hutu zan sa shi a mota ya je Kano, ya gai da iyalan Baffansa, a kai shi maƙabarta ya tsaya a kan kabarin. A daren nan na ba shi labarin yadda Baffan nasa ya taɓa bin wata mata har bakin titi don ya mayar mata da canjin da ta manta. Nan ne ya yi kukan da bai yi ba wata da watanni, uwarsa tana bakin ƙofa tana share nata.

'Yan uwana fatake, yaranmu da suka tashi a ƙasashen nan suna jin harsunan da ba mu ji, suna sauraron abubuwan da ba mu san da su ba. Wani abin cutarwa ne, dole a tsawata, wani kuma yaro ne kawai yake neman inda zai sauke abin da ke ransa. Ba za ka bambance ba sai ka zaunar da shi ka ce ya fassara maka. Kuma in an yi rasuwa a gida, wanda ya samu zuwa ya tuna da waɗanda ya bari a baya, ya dawo ya ba su labari dalla-dalla, wa ya yi wanka, wa ya ja salla, ina aka binne. Da na ƙwace wayar nan ran nan, da har yau ban san yaron bai samu wanda ya yi masa ta'aziyya ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a nema. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan batun bashin da ake bai wa 'yan uwa a rumfa ba rubutu ba shaida, wanda da yawanku kuka nemi in taɓo.